Kafin A Tsallakar Da Yaro Aji

Ranar da aka raba katin sakamakon zango na uku, ƙanwata ta kira ni daga Unguwar Dosa, nan Kaduna, tun kafin ta cire mayafi. "Yaya, albishirinka." Na ce goro. Ta ce mai makarantar 'yarta ta kira ta ofis ta shaida mata cewa ƙwaƙwalwar yarinyar nan ta wuce aji huɗu, in an dawo hutu aji biyar za a kai ta. Na yi mata barka, don abin barka ne a ce ɗanka yana ɗaukar karatu. Sannan na ce ta samo biro mu yi lissafi. Yarinyar, wadda sunan Hajiyarmu ta ci, shekararta 7 da 'yan watanni. In ta shiga aji biyar a watan Satumba, za ta gama shi tana da 8. Makarantar ba ta da aji shida, an daɗe da rufe shi, daga biyar ake rubuta jarrabawar shiga sakandare. A ɗora shida na sakandare a kan takwas, 14 ke nan. Na ce, "To daga nan fa? JAMB ba ta ba wa wanda bai kai 16 ba gurbin jami'a. Shekara biyun nan a ina za ta yi su?" Ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Yaya ban taɓa lissafawa har can ba."

Ba ita kaɗai ba ce. Daga Malali zuwa Barnawa, daga Kawo zuwa Rigasa, aji shida ya zama tsohon yayi a makarantun kuɗi da yawa, har uban da ɗansa yake ciki yakan ji kamar sai ya ba da uzuri. A takarda kuwa tsarin ƙasar nan a fili yake: shekara guda ta share fage, yaro ya shiga aji ɗaya yana da 6, ya yi shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, ya fito yana da 18. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta ce taran nan wajibi ne a kan kowane yaro. Waɗanda suka shiga makaranta zamanin UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, wajen 1976, suna tuna yadda ake auna su. Hedimasta ya ce ka ɗaga hannun dama, ka zagayo da shi ta saman kai, ka taɓa kunnen hagu. In ya kai ka isa, in bai kai ba sai baɗi. Awon gargajiya ne, amma akwai hikima a cikinsa, domin jikin yaron ake tambaya, ba burin iyayensa ba.

Abin da ake kira makaranta mai sauri a Kaduna yau ba abu ɗaya ba ne, kuma daga nan rikicewar take farawa. Akwai sammakon shiga, inda ake rataya wa ɗan shekara 2 jaka tun bai iya faɗin yana jin fitsari ba, yana kai 3 a fara ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 100. Akwai riga malam masallaci da littafi, ɗan aji biyu yana ɗauke da littattafan aji uku, a nuna wa iyaye bangon a ce kun gani. Akwai yanke aji shida, wani wurin ma daga huɗu ake tafiya. Sai kuma doguwar rana ta makarantun da suka gwama boko da hadda, yaro ya fita bakwai na safe bai dawo ba sai biyar ko shida na yamma, ga malamin lesin yana jiransa a zaure. Wani yaron duka huɗun ne a kansa, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yanke masa su a matsayin shawara guda. Kowanne shigowa ya yi a lokacinsa, kamar kayan da ake ta ɗora wa jaki a hanyar kasuwa.

Ba na ganin laifin iyayen da suke son haka, kuma duk wanda ya ce son burga ne kawai bai zauna da su ba. Uban da ya ga yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, yana da hujjar cewa bari ɗana ya tara rarar shekaru tun daga ƙasa. Ya san wanda ya haura 30 kafin ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, ya san akwai bankuna da kamfanonin da in ka wuce 26 ko 27 ko duba takardarka ba sa yi. Uwar da take da 'ya mace tana da nata lissafin da ba kasafai take faɗa a taron iyaye da malamai ba. So take yarinyar ta yi nisa a karatu kafin masu sallama su fara zarya a ƙofar gida, kafin dangin uba su fara tambaya. Ga kuɗin makaranta: shekara guda da aka tsallake, zango uku ne da ba za a biya ba, ban da yunifom da littattafai da kuɗin keke safe da yamma. Sannan akwai tsoro. Tun da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, aka ce 21,780 ba su kai makin da ake nema ba, duk mai ɗan hali a garin nan ya ƙara sakankancewa cewa sai ya tashi tsaye a kan karatun ɗansa. Wanda ya tsorata kuwa, duk abin da ya yi kama da ci gaba runguma yake yi.

Ita ma makarantar da nata lissafin. In ta maƙwabta tana fitar da yara daga aji biyar, wadda ta ce sai an yi shida za ta wayi gari iyaye sun kwashe 'ya'yansu. In tana da sashen sakandare, gara ta tura su can da wuri kafin wata ta ɗauke su.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mu da muka tashi da allo a hannu bai kamata maganar nan ta rikita mu ba. A makarantar allo babu aji, babu zango, babu ranar da za a ce kowa ya matsa gaba tare. Kowane yaro da allonsa. Ka fara da babbaƙu, ka shiga farfaru, sannan a fara rubuta maka. Ka je gaban malam ka biya. In karatun ya zauna, ya ce je ka wanke, a yi maka ƙari. In bai zauna ba, ka koma gindin bango ka ci gaba da maimaitawa, ko da sa'anka ya wanke sau uku a gabanka. Mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya wanke allo kullum, ya wuce yayyensa, ya sauke yana ƙarami, kuma babu wanda zai ce an yi masa gaggawa. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce wa almajiri, tunda kana da ƙoƙari tsallake izu biyar ɗin nan mu yi gaba, ba. Ko gwani ne, ta kan kowace aya ya bi. Saurin da tsangaya ta sani shi ne a bi hanyar duka da hanzari. Abin da makarantun kuɗi da yawa suke sayarwa kuma shi ne a gutsure wani yanki na hanyar a yar, a sa masa suna sauri. Hukuncin da uba da uwa za su yanke ya rataya ne a kan gane wanne daga cikin biyun aka miƙo musu.

Yankin da ake yarwa kuwa ba fanko ba ne. Masu makaranta sukan ce ai aji shida bita ce kawai. Duk wanda ya buɗe manhajar ya san a biyar da shida ne lissafin rabi da sulusi da rubu'i yake nuna, a nan ake zaunar da doguwar rabawa, da lambobin bayan ɗigo, da kashi cikin ɗari. A 2012 wani masanin yadda yara suke koyo, Robert Siegler, shi da abokan aikinsa sun bi bayanan dubban ɗalibai na Amurka da Birtaniya, suka gano cewa yadda ɗan kimanin shekara 10 ya fahimci gutsattsarin lambobin nan da rabawa yana nuna yadda zai kasance a aljabara bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin arzikin gidansu da kaifin basirarsa. Kowane malamin lissafi a sakandare zai gaya maka haka ko bai taɓa jin sunan Siegler ba. Matsalar ita ce ramin ba ya bayyana da wuri, domin a aji ɗaya na sakandare ma da bita ake farawa. Sai an kai aji huɗu na sakandare, an shiga fiziks da kemistiri, sai a ga yaron da ake kira haziƙi yana ta dulmiya. Iyaye su ce ya lalace, ko ya haɗu da abokan banza, ko an yi masa baki, alhali tubalin da ba a sa ba shekara biyar baya ne ya tsaga bangon.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai yaran da riƙe su zalunci ne, kuma a shekarun da na yi ina koyarwa a firamare na ga irinsu, ko da yake yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga su. Yaron da zai gama aikin aji cikin minti biyar, ya zauna minti talatin da biyar yana kallon silin, yau haka gobe haka. Irin wannan ko dai ya zama fitinanne, ko ya koyi lalaci, don bai taɓa haɗuwa da abin da ya sa shi gumi ba, ranar da ya haɗu da shi a jami'a kuwa bai san yadda ake zama a yi naci ba. Gwamnatin tarayya ta san da su, shi ya sa aka kafa makarantar haziƙai ta Suleja zamanin Janar Babangida, Jigawa ma ta yi tata a Bamaina. A Amurka, Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins ya fara wani bincike a 1971 wanda aka ci gaba da shi har bayan rasuwarsa, aka bi rayuwar yara kimanin 5,000 shekaru gommai. An ga waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu irin basirarsu yawan kaiwa ga manyan digiri, kuma da aka waiwaye su a shekarun girma ba a ga alamar saurin ya cutar da zukatansu ba.

Masu makarantun sauri suna son irin wannan labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka zaɓo yaran. Stanley yakan ɗauki ɗan shekara 12 ko 13 ya ba shi jarrabawar da manyan ɗalibai suke rubutawa don shiga jami'a, ba tare da an koya masa ita ba. Waɗanda aka bi ɗin, ɗaya cikin ɗari ne ko ƙasa da haka. Abin da aka gani a kan ɗaya cikin ɗari ba zai zama hujjar kwashe aji guda mai yara 30 a haye da su gaba ɗaya ba. Kuma zuwa na ɗaya a aji daban yake da wannan. Kowane aji a Kaduna yana da na ɗaya.

Ƙasar nan ma ta yi nata awon ba tare da ta yi niyya ba. A watan Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan 18 za a ɗauka a jami'a, aka yi ca a kansa. Wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16 a watan Nuwamba. A 2025 JAMB ta bar ƙofa ga 'yan ƙasa da 16 da ake ganin na daban ne, bisa sharaɗin su ci maki 320 cikin 400. Sama da 40,000 suka zauna. Da sakamako ya fito, hukumar ta ce 467 ne suka kai. A cikin kowane ɗari, ɗaya da 'yar ɗoriya, wato kusan adadin Stanley. Sauran ba daƙiƙai ba ne. Yara ne masu ƙoƙari da aka iso da su tasha motarsu ba ta zo ba. Irinsu ne muke gani a unguwa, wani yana maimaita lesin, wata an kai ta koyon ɗinki ko kwamfuta, wani kuma yana kwance da waya daga safe har dare a shekarun da suka fi kowaɗanne haɗari. Wasu iyayen sai su nufi kotu a yi takardar rantsuwa a ƙara wa yaro shekara biyu, a je a gyara a lambar NIN, wadda JAMB ta wajabta tun 2021. Yaron yana tsaye yana kallon mahaifinsa yana rantsuwa a kan ƙarya saboda shi. Wannan ma darasi ne, kuma ya fi na aji zama a kai.

To yaya uwa za ta gane nata ɗan? Katin sakamako ba zai gaya mata ba, domin wanda ya koyar shi ya fitar da tambaya, shi ya yi maki, kuma sau da yawa an ba yara tambayoyin da sunan bita mako guda kafin jarrabawa. Awon farko a tsakar gida ake yinsa, ba ya cin ko kwabo. A samo littafin labari na Turanci da yaron bai taɓa gani ba, daidai ajin da ake so a kai shi, ya karanta shafi ɗaya, a rufe littafin a ce ya ba da labarin da Hausa. A nan ake rabuwa. Yara da yawa a garin nan suna karanta Turanci tiryan-tiryan kamar mai labarai a rediyo, amma in ka ce me ya sa mutumin cikin labarin ya gudu, sai ido. Sun iya furta baƙi, ba su iya ɗaukar ma'ana ba, kuma daga aji huɗu zuwa sama komai ya koma kan ma'ana. Kafin nan yaro karatu yake koyo, daga nan kuma da karatun zai koyi sauran abubuwa. A lissafi, a bar tambayar littafi. A ce masa ga lemo uku, ku huɗu ne, yaya za a yi kowa ya samu daidai? Ko an aike ka da 1,000, ka sayi abu biyu na 350 kowanne, nawa za ka dawo da shi? In ya ba da amsa a tambaye shi, yaya aka yi ka sani? Wanda ya haddace hanya zai tsaya cak da zarar an sauya wa tambayar riga. Wanda ya gane zai yi bayani, ko da da yatsu ne.

Ko ya ci wannan, rabin magana aka yi. Aji ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗauka ba, yaron gaba ɗayansa ne zai zauna a kan bencin. A lura da abin da yake yi in abu ya gagare shi. Yana sake gwadawa, ko yana jefar da fensir ya fashe da kuka? Wanda ya saba da na ɗaya, in aka kai shi inda zai zo na goma sha biyu, zai iya haɗiye wannan? Yana iya zama ya gama aiki ba tare da an tsaya a kansa ba? Yana iya kwafe allo guda na rubutu kafin a goge? Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Yatsun ɗan shekara 7 ba su da ƙarfin na ɗan 10, kuma na sha ganin yaro ya san amsa sarai amma lokaci ya ƙare yana layi na uku, ya koma gida yana ganin kansa a matsayin daƙiƙi. Shi ya sa nake jin tausayin 'yan nazare da ake danne wa hannu a kan fensir suna da 3. Rubutun da ake shan wata shida ana kuka a kansa a wannan shekarar, ɗan 6 yana koyonsa cikin makonni yana dariya. A Finland sai yaro ya kai 7 yake shiga aji ɗaya, kuma ba su zama koma-baya a karatu ba. Ko salla, da take ginshiƙin addini, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a umurci yara da ita suna da shekara bakwai.

Sai barci da wasa, waɗanda su ake fara yankewa. Likitocin barci na Amurka sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron da aka tasa da asuba don a riga cunkoson titin Ahmadu Bello, ya dawo dab da magariba, ya yi aikin gida na boko, ya yi tilawar hadda har goma na dare, a lissafa a gani ko ya samu. Ba na sukar haɗa boko da Alƙur'ani, burin kowane Musulmi ne, kuma akwai makarantun da suke yinsa da hankali. Amma karatun da aka zuba wa ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba, kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Wasa kuma ba ɓata lokaci ba ne. A langa da carafke da ɓuya ne yaro yake koyon jiran layinsa, da bin doka, da shan kaye ba tare da ya yi dambe ba, kuma waɗannan su ne zai buƙata ranar da ya zauna cikin waɗanda suka girme shi. In nauyin ya yi yawa jiki yakan faɗa tun kafin baki: ciwon ciki kowace safiyar Litinin, fitsarin kwance da ya dawo bayan an rabu da shi, cizon farce, yaro mai surutu ya koma shiru.

Ratar shekaru kuwa ko ta watanni ce tana aiki. A Ingila, inda ake yanke shekarar shiga a farkon Satumba, an daɗe da lura cewa 'yan watan Agusta, ƙananan aji, suna bin bayan 'yan Satumba a jarrabawa in an ɗauki matsakaici. A 2018 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna cewa a jihohin Amurka masu irin wannan yankan, an fi yi wa 'yan Agusta hukuncin larurar rashin natsuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku fiye da 'yan Satumba. Ƙuruciya ce kawai ake yi wa kallon cuta. In wata goma sha ɗaya ya yi haka, ina ga shekara uku? 'Yar shekara 8 a aji ɗaya na sakandare tana zaune ne da 'yan 11 da 12. Bayan shekara biyu su sun fara zama 'yan mata, hirarsu ta sauya, ita kuwa har yanzu 'yar tsana take so. Ko dai su ware ta, ko ta shiga kwaikwayon abin da hankalinta bai kai ba don a karɓe ta, kuma na biyun ya fi tayar mini da hankali. In makarantar kwana ce, ga wanki, ga tsaron akwati, ga manyan ɗalibai da aikensu, ga daren da zazzaɓi zai kama ta babu Mama a kusa.

A Jami'ar Iowa an tsara wani ma'auni da makarantu suke bi kafin su tsallakar da yaro, kuma a ciki akwai abubuwan da in an same su ake dakatawa komai basirarsa. Ɗaya shi ne in yaron da bakinsa ya ce ba ya so. Wani shi ne in tsallaken zai kai shi aji ɗaya da yayansa, ko ya haye shi. Wannan ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka rubuta shi, mu da ake samun 'yan uba sa'o'in juna a gida guda. A ɗauki ɗan wannan ɗakin a ɗora shi a kan yayansa na wancan ɗakin, an kunna wutar da za ta daɗe tana ci bayan an manta da wa ya zo na nawa.

Ita makarantar kuma a je mata da tambaya, cikin ladabi amma ba da jin kunya ba, tunda kuɗinka kake biya kuma ɗanka ne. Wa ya auna yaron, da me aka auna shi? Karatun ajin da zai tsallake, wa zai koya masa, yaushe? Yara nawa aka tsallakar bana? In goma ne cikin talatin, to tsarin makarantar ne, ba basirar ɗanka aka gani ba. In an gwada rabin zango abin bai yi ba, za a iya mayar da shi ba tare da an kunyata shi a gaban 'yan aji ba? Makarantar da ta san abin da take yi ba za ta ji haushin waɗannan ba. Kuma tsakanin a tsallakar da a bari akwai fili mai faɗi da ba a cika dubawa ba. Yaron da ya yi zarra a lissafi kaɗai yana iya zuwa ajin gaba a darasin lissafi ya dawo cikin sa'o'insa. Wanda aikin aji ya yi wa kaɗan, a faɗaɗa masa maimakon a ja shi sama: ya iya karanta Hausa da rubuta ta da kyau, ya koyi ajami, ya ƙara izu, a kai shi Arewa House ya ga inda Sardauna ya zauna, a bar shi ya kwance tsohuwar rediyo ya ga cikinta.

Ƙanwata ta yi awon a daren wata Juma'a. Lissafin lemo bai ɗauki yarinyar minti biyu ba, ta ce a yanka kowanne gida huɗu, kowa ya ɗauki uku. Labarin Turancin ta karanta shi babu tuntuɓe, amma da aka rufe littafin, farkonsa ta kawo da sunan karen da ke ciki, sauran ya tsere. Da uwar ta tambaye ta ko tana son aji biyar, sai ta ce, "Mama, da ƙawata za mu tafi?" Aka ce a'a. Ta ce to ita a bar ta.

Mai makarantar ba ta ji daɗi ba da farko. "Hajiya, wasu fa roƙo suke yi a yi musu." Daga baya ta yarda yarinyar ta zauna aji huɗu, lokacin lissafi ta ɗauki littafinta ta shiga aji biyar, tunda jadawalin ya zo daidai, uwar kuma ta riƙa karanta mata labari kowane dare suna mayar da shi Hausa. Maigidan ƙanwata har yanzu yana ganin an yi asarar shekara, yakan kawo zancen ɗan abokinsa da ya gama sakandare yana da 14. Maganar aji shida tana nan tana jira, saura shekara biyu, kuma makarantar ba ta da niyyar buɗe shi. Ƙanwata ta fara tambayar inda ake yinsa tsakanin Unguwar Dosa da Badarawa.